Sikelin Likita da Kambun Inna

Kafin a yi mini aiki, in na zauna bisa kujerar ƙarfe ta wurin awon gyaɗa sai ta yi ƙara, leburori su juya baya suna dariya. Ko a jikina. A Dogon Dutsi na lokacin, shekarun farko da muka karɓi mulkin kai, tumbi shi ne shaidar mutum ya sami aiki. Ni kuwa na gama lakwal, wato makarantar boko, an ɗauke ni awon gyaɗa, manoma suna kawo buhunna, ina ɗorawa a sikeli ina rubuta kilo. Na Sukukutane ya riƙo mini zabuwa, na Tibiri ya riƙo kwalbar man shanu, ni kuma ba a koya mini mayar da hannun kyauta baya ba. Cikin kaka uku wuyana ya ɓace.

Rigima ce ta ja mini. Wani lebura ya ce mushe mai biro (mushe suke ce wa ɗan boko irina, da Faransanci) ba ya iya ɗaga buhu, zuciya ta ɗebe ni na sunkuya na ɗaga. Buhu ya tashi, amma na ji wani abu ya ce ɓas ƙarƙashin cibiyata. Ƙaba ce, hanji ya sami kafa yana leƙowa. Aka ɗora ni a kamyo, babbar motar gyaɗa, zuwa asibitin Yamai, aka yi mini fiɗa, na kwana ashirin da wani abu ina shan ruwan kunu da ba shi da uwa ba shi da uba.

Ranar sallama likita ya sa na hau sikelinsa, ya rubuta lamba a takarda ya ja mata layi biyu. Da ya ji aikin da nake yi, sai ya yi mini magana da abin da na sani. Ya ce cikina tsohon buhu ne da aka yi wa faci. In na sake danƙara masa kaya ɗinkin zai buɗe, kuma ɗinki na biyu ba ya riƙewa kamar na farko. Kada in wuce wannan lamba, in ma da hali in sauka ƙasa da ita. Ba man shanu, ba kitse, tuwo ɗan kaɗan, ganye da yawa, tafiya kowace safiya, in dawo bayan wata uku. Wallahi na ji tsoro. Na sha ganin buhun da aka yi wa faci sau biyu, na san inda yake ƙarewa.

Abin da likita bai sani ba shi ne akwai wani sikeli yana jirana a gida.

Ni ɗan fari ne. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake zaune, ba ta kallona ido cikin ido. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tashi muka gani. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa bango ina tsaye a wurin. "A ce wa wancan rana ta yi." Amma tun ina yaro ta ɗaura mini kambu a damtsen hagu, na jar fata, kuma duk sanda na ƙara girma sai ta karɓa ta hannun wani ta kai wa baduku ya buɗa shi. Da na sauko daga mota na ɗaga hannu ina amsa gaisuwar mutane, sai kambun ya zame sulul ya tsaya a gwiwar hannu. Inna tana bakin zaure. Ta juya ta shiga gida, ba a jima ba na ji turmi ya fara.

Washegari ta gaya wa matata, da ƙarfi yadda zan ji, cewa ta yi alkawari: ranar da kambun wancan ya koma ya kama damtse, za ta yanka jar akuyarta ta yi sadaka. Matata ta ce, "Inna, likita fa ya ce..." Inna ta ce, "Likita shi ya haife shi?"

Daga nan aka buɗe mini wuta. Da safe fura da nono mai kauri, wanda wata Bafillatana ƙawar Inna take kawowa musamman, man yana yawo a kai. Da hantsi romon kan rago. Da rana tuwon gero, an kwarara masa man shanu har miyar kuka tana ƙyalli. Wannan na gida ke nan, ban da na masu dubiya. A wurinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu biyu, kuma kwanon dubiya ba ya komawa da abinci a ciki, zagi ne. Gwaggona ta taso tun daga Tibiri da akushi cike da shinkafa da zabi biyu, ta zauna a gabana ta naɗe ƙafa. Na ce, "Gwaggo, likita ya hana." Ta ce, "Mi ya hana? Dube ka kamar karan dawa! Ci, ɗan nema, ba ni tashi sai na ga gindin akushi." Na ci. Yaya zan yi da ƙanwar ubana?

Ranar kasuwa na lallaba wurin aikinmu, na jira leburori suka tafi salla, na hau sikelin gyaɗa. Ƙarin kilo uku a sati biyu! Na sauka na duba ko an manta wani buhu a kai. Babu. Da na dawo gida kuma wurin ɗinkin ya riƙa ja yana zafi, na zauna bayan rumbu na dafe ciki ina zufa. Na ɗauka ba wanda ya gan ni.

Matata ce ta kawo dabara ta farko, Allah ya saka mata. Ta ce in ci loma uku, ta ɗauke kwanon ta kai ɗaki, ita ta ƙarasa. Ni kuma ta riƙa kwaɗa mini kopto, ganyen zogale da ɗan ƙuli-ƙuli kaɗan, ina ci a ɓoye kamar na sato. Da asuba in fita in taka har gindin dutse in dawo. Mutane suka fara cewa fiɗar ta taɓa mini kai, don wane mai hankali ne yake tafiya ba kasuwa ba, ba gona ba, ba gaisuwar mutuwa ba? Wani tsoho ya tare ni ya ce, "Mushe, mi ya ɓace maka? Kullum nan kake nema." Na ce tumbi nake son ya ɓace. Ya girgiza kai ya yi mini addu'a.

Dabarar ta yi aiki, sai dai ta yi aiki a wuri biyu. Ni ina sauka, matata tana hawa. Cikin wata guda kumatunta suka cika, zanenta ya daina zagayowa yadda ya saba, mata suka fara yi mata barka a bakin rijiya suna ƙifta ido. Da aka gane ba ciki ba ne sai zance ya juya. Aka ce wance tana cinye abincin mara lafiya, miji yana bushewa ita tana sheƙi. Rannan na same ta tana kuka a madafa. Ta ce, "Ni dai na gaji. Cikina ya gaji, kunnena ya gaji. Ka san yadda za ka yi da Innarka." Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, da kaina. Ƙato da ni na bar mace tana ɗaukar mini kaya da zagi.

Na zauna na yi tunani irin na mai awo. Inna ba ruwanta da kilo, kambu take dubawa. In damtse ba zai je wurin kambu ba, ai kambu yana iya zuwa wurin damtse. Na cire shi na sa a aljihu, na bi ta bayan gari na je rumfar wani baduku da ban taɓa ganin Inna ta je wurinsa ba. Na ce ya rage shi, ya yi ɗinkin ta ciki, ya shafa masa ƙasa da mai kada ya nuna sabo. Ya auna damtsena da zare yana murmushi. Ya ce, "Shekara talatin ina wannan sana'a, kowa buɗawa yake kawowa. Kai ne na farko." Na ce ya yi ɗinki ya bar tarihi.

Ban nuna nan take ba, ni ma ba wawa ba ne. Na yi sati ina sa riga mai dogon hannu, ina yaba abinci da ƙarfi. Ranar Juma'a na fito tsakar gida na yi alwala, na naɗe hannun riga har kafaɗa, na ɗaga hannu sama ina miƙa kamar ɗan kokawa. Kambu ya tsaya cak. Inna tana tankaɗe a gindin bango. Na ga hannunta ya tsaya, ta daɗe tana duban wajen, sannan ta ce wa bango, "A gaya wa mutane jibi akwai sadaka."

Murna ta kama ni har na kusa rawa. Sai da na kwanta hutawa sannan na tuna abin da sadakar take nufi: akuya guda, ni ne dalilin yanka ta, kuma kowa zai zuba ido ya ga wanda ya warke yana ci. Saura sati biyu in koma Yamai. An gudu ba a tsira ba.

Ranar ta zo. Gida ya cika, Gwaggo ta dawo daga Tibiri, har dangin Inna na Lugu sun zo. Ƙamshin soyayyen nama ya kai bakin hanya. Gwaggo da kanta ta ɗebo mini akushi, tsoka da kitse da hanta, tuwo kamar tudu, ta dire a ɗakina ta ce yau za ta ga ƙarshen rowar ciki. Na zauna ina duban akushin, ɗinkina yana motsi tun ban taɓa ba.

Sai aka ɗaga asabari. Na ɗauka matata ce. Inna ce. Tunda na yi aure ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Ta ce wa Gwaggo ana nemanta wurin rabon nama, Gwaggo ta fita tana mamaki. Inna ta janye akushin gefe, ta buɗe ɗan ƙaramin kwano da ta ɓoyo cikin mayafi. Kopto ne, da tsoka biyu marasa kitse. Sannan ta zauna a ƙasa, ta kama hannuna na hagu, ta juya kambun ta sa babban yatsa daidai kan sabon ɗinkin.

"Sau huɗu na kai abin nan a buɗa shi," in ji ta. "Babu zaren da ban sani ba a jikinsa."

Na sunkuyar da kai. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na gan ka bayan rumbu ka dafe ciki. Tun ran nan na san likitan ya fi ni gaskiya. Amma na riga na yi alkawari a gaban mutane, kuma bakinsu ya hau kan yarinyar nan. Da ba ka kai shi wurin baduku ba, da ni na kai."

Na ce, "To Inna, me ya sa..."

Ta ci gaba da murza kambun. Ta ce, "Ubanka ma yana da irinsa. Da ciwo ya kama shi, kullum ina kallo yana zamewa. Da kambun ya faɗo ta wuyan hannu na tsince shi a tabarma, ubanka bai ga ƙarshen damina ba. Kana goye, ba ka sani ba. Da ka sauko daga mota na ga naka ya zame, na ɗauka kai ma tafiya za ka yi."

Ban taɓa jin wannan ba. Shekara ashirin da tara, kuma wannan ne karo na farko da ta yi mini magana ba ta hanyar bango ba. Hawaye suka zubo mini, ƙato da gemu, ban ko share ba.

Ta tura mini ɗan kwanon. A waje ana ta hayaniyar rabon nama, Gwaggo tana faɗa da wani kan ƙafar akuya.

"Ci kaɗan ɗin da aka ce," in ji Inna. "Amma ka ci a gabana."

Na ci. Ta zauna tana kallon kowace loma har na suɗe kwanon.