Sif ɗin Radiyya a tsakiyar kogi

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwalen Halliru a kogin Wudil ya sha faɗa. Shekara talatin da 'yan kai yana fito, bai taɓa barin mutum ya zauna inda ransa ke so ba. Idan ka zo da buhunka sai ya ɗaga ya jinjina, ya dube ka sama da ƙasa kamar mai tayin rago, sannan ya nuna maka wuri. Buhuna a ƙasa, ƙatti a tsakiya, kowa kuma a zaune. Ko mai babbar riga ne ya miƙe tsaye, Halliru tsawa zai daka masa.

Gadon ubansa ke nan. Tun yana ƙarami tsohon ya ɗora masa filafilin tuƙi a kan yatsa ɗaya, ya ce ya yi ta matsar da shi har ya tsaya bai rinjayi ko'ina ba. Wurin nan shi ne cibiya, in ji tsohon. Kowane kaya da tasa, jirgi ma da tasa. In ta yi ƙasa ta zauna a tsakiya, an tsira. In ta hau sama, sai dai a nemi mutane a gangare. Ɗaliban jami'a da ke tsallakawa sun sha gaya masa wai abin nan yana cikin littafinsu har da lissafi. Shi dai yakan ce musu to madalla, su zauna tukuna.

Matarsa Sakina ta rasu shekara biyu kafin auren autarsu Radiyya. Ciwo na cinta ta sayar da akuyoyinta, ta sa aka kawo sif na ajiye tufafi mai ƙofa uku da dogon madubi, aka lulluɓe shi da zane a ƙuryar ɗakinta. Ta san ba za ta ga bikin ba. Duk Juma'a Radiyya takan yaye zanen ta goge madubin, ta mayar.

Bikin ya faɗo a tsakiyar damina. Gidan angon yana wata 'yar unguwa a ƙetaren kogi, ga shi ruwa ya cinye kwalbatin hanyar mota, don haka kayan ɗaki sai ta jirgi. Ranar jere mata shida suka sauko bakin ruwa da hantsi. Cikinsu har da babbar 'yarsa Asabe, goye da jaririnta, jagorarsu kuwa yayarsa Yelwa, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu.

Halliru ya ce a kwantar da sif ɗin a ƙasan jirgi, a yi sawu biyu.

"A kwantar a ina?" in ji Yelwa. "Cikin wannan ruwan da ke kwance a gindin jirginka? Katakon zamani ne fa, yana shan ruwa zai kumbura kamar burodi. A tsaye zai tafi. Buhunan garar nan ma a ɗora su kan benci, kada su jiƙe."

"Yaya, nauyin zai hau sama. Kogin ya cika."

"Dangin miji suna can bakin gaɓa sun zuba ido. So kake kayan marainiya su isa guntu-guntu, a ce ba ta da gata? Da Sakina na raye sai ka gaya mata haka?"

Sunan Sakina ne ya sa ya miƙa wuya. Mutumin da bai taɓa jin nauyin mai rawani a bakin ruwa ba, ranar sai ga shi da hannunsa yana ɗaure sif a tsaye da igiya, yana jera buhuna a kan benci. Ya san kuskure ne. Tun turawar farko ya ji shi a tafin ƙafarsa, jirgin yana rangaji yana jinkirin dawowa daidai.

Sun kai tsakiya, inda gora ba ta taɓa ƙasa, iska ta taso daga gabas ta bugi faɗin sif ɗin. Jirgin ya kwanta hagu, ruwa ya kwararo ta baki. Matan suka yi abin da kowa ke yi, suka miƙe gaba ɗaya suna salati, uku suka rungume sif ɗin wai kada ya faɗi. Jirgin ya dawo dama da ƙarfi, ya ɗebi wani ruwan. Buhu ɗaya ya zame.

"Ku zauna! Ku kwanta a ƙasa!"

Babu wadda ta ji. Ya hango kan jikansa yana lilo a bayan Asabe, tafin hannu ɗaya tsakaninsa da ruwa. Babu mai iyo a cikinsu. Shi kaɗai ne, hannu biyu gare shi, rayuka bakwai. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba.

Ya jefar da filafilin cikin jirgi, ya rarrafa ta tsakiya, ya fizgo zanen Asabe ta faɗi zaune cikin ruwan. Ya finciko ta biyu, ya danne kafaɗar ta uku. Yelwa ce ta ƙi sakin sif ɗin.

"Halliru, kada ka kuskura! Amanar Sakina ce!"

"Sake shi, Yelwa!"

Tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunanta gatsau ba. Mamaki ya sa hannunta ya saki, ya tura ta ƙasa. Ya zaro wuƙar da ke ƙugunsa ya yanke igiyar, ya jira jirgin ya sake karkata hagu, sannan ya sa kafaɗa. Sif ɗin ya tafi. Jirgin ya zabura dama kamar zai kife, amma yanzu duk nauyin yana ƙasa, mata shida kwance cikin ruwa da buhuna, sai ya yi rawa sau biyu ya zauna. Madubin ya ɗan haska a saman ruwa kafin igiyar kogi ta juya shi ta yi gangare da shi.

Da ƙwarya aka yi ta kwarfar ruwa har gaɓa. Dangin miji suka tarbe su da sannu. Aka yi jere da jiƙaƙƙun kaya, bango guda ya zauna fayau. A dawowa Yelwa ta zauna inda ya nuna mata, ba ta dube shi ba.

Da la'asar ya isa gida. Radiyya tana ɗakin uwarta, ƙawaye kewaye da ita, hannu da ƙafa cikin lalle. Zanen lulluɓin yana nan a ninke a ƙuryar da sif ɗin ya bari. Ta ɗan ɗaga mayafi da ta ji sallamarsa.

"Sannu da zuwa, Baba. An kai lafiya? Madubin Inna dai bai fashe ba ko?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa ba ta gama bushewa ba. 

"Yayarki ta dawo," ya ce. "Da ita da yaron."