Hasken Talabijin ɗin Inna

Yayana ne ya aiko da talabijin ɗin, shekarar da ruwa ya cinye mini shinkafa a fadama. Bai zo ba, direba ya turo, da dish da sola. Shi ya yi boko har ƙarshe, yana aikin gwamnati a Abuja. Ni daga aji uku na sakandare na koma gona, ni nake zaune da mahaifiyarmu a Haɗeja.

Shi ne ɗan fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa. In ya zo da sallah, Inna tabarma take kallo ta amsa gaisuwarsa. Amma a talabijin babu kunya, tunda shi ba ya ganinta. Jefi-jefi akan nuno shi a labarai, tsaye a bayan manya. Da an yi la'asar sai ta jawo tabarma gaban akwatin.

"Auta, zo ka gyara mini abin nan, ya yi duhu. So nake in ji ko za su sako ruwan dam."

Mai son ji me zai yi da haske? Na sani, ta san na sani.

Turancin da ke cikin saitin ba duka nake ganewa ba, amma akwai ɗan hoton rana, shi ne haske. Na ƙara, ta ce da saura. Na ƙara launi har fuskoki suka koma kamar an shafe su da manja. Na toshe taga da buhu. Na hau rufi na juya dish. Maƙwabcina mai sayar da kifi ya leƙo ya ce, "Malam, waɗannan mutanen soya su aka yi?"

Talabijin lafiyarsa ƙalau. Yanar ido ce ta kama Inna. Na ce ta tashi mu je asibiti, ta ce ba mai taɓa mata ido sai babban gida, wato Yaya, ya zo ya tsaya. Na kira babban gidan a waya.

"Kai dai ba ka iya saiti ba ne," in ji shi. "Mayar da shi yadda ya zo daga kamfani."

Na ce, "Yaya, idon nake faɗa maka."

Ya ce yana da taro, zai kira. Har aka girbe shinkafar wata shekarar bai kira ba.

Wata la'asar sai ga shi an nuno. A lokacin na ƙure haske, na ƙure launi, babu sauran abin dannawa. Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ƙura wa wani dogon mutum siriri ido, can gefen hagu. Yaya kuwa yana dama, da tumbinsa, yana latsa waya.

"Mutumin nan ya rame," ta ce a hankali. "Ba sa ba shi abinci ne?"

Da na kama yatsanta na matsar da shi dama, da ta gane ta daina gani, kuma da ta ga abin da ni nake gani. Na ajiye rimot.

"Ya rame, Inna. Aiki ne ya yi masa yawa."

Ta ɗora tafin hannunta a kan ɗan wasu, tana sa masa albarka, har aka sauya labari. Ni ina tsaye a bayanta, ƙafafuna da taɓon gona.