Asuwakin da na karya a baranda

Ina ba fulawoyina ruwa da safe, wajen ƙarfe takwas, na ɗaga kai na ga bangon benen da ke kallon namu ya koma rawaya. Fari ne bangon nan, shekara guda ina kallonsa. Na murza ido. Sai zuciyata ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta buga, ta tsaya kamar tana jiran wani, sannan ta sake bugawa. Butar ta suɓuce daga hannuna. Abin da na fara yi shi ne dafe marata, don cikina wata huɗu ne a lokacin, kuma shi ne na fari.

A unguwar Al Khabaisi muke, a Dubai, hawa na huɗu. Maigidana yana aikin kaya a Jebel Ali, ya fita da sassafe sai bayan magariba. Ni da na taso a gidan da ke da tsakar gida, da bishiyar dogon yaro a ƙofa, sai ga ni a ɗaki biyu da baranda mai faɗin tabarma. A barandar nan na zuba duk kewata. Na fara da na'ana'a a gwangwanin madara, sai yasmin, sai wata mai fure kamar takarda da ke hawa ƙarfe. Idan zafi ya tsananta nakan rataya musu tsohon zanena don inuwa. Maigida ya sa mini suna manomiyar bene.

Ranar da aka tabbatar mana da cikin, ya dawo rungume da tukunya. Ɗan icce ne da bai wuce gwiwata ba, ganyensa dogaye siri-siri, furensa ruwan hoda.

“Manomiya, ga abokin haihuwar ɗanki,” ya ce. “Mu ga wa zai riga wani tsawo. Mai sayarwa ya ce wannan ko ranar Dubai ba ta kashe shi.”

Akwai wata 'yar roba a maƙale jikinsa da ƙananan rubutu. Na cire na jefa a shara don tana ɓata masa kyau. Har yau ina ganin hannuna yana cire ta.

Laulayi ya sa ni gaba, bakina kullum cike da yawu. A gida, idan haka ta samu mace, sai ta karyi reshen dogon yaro ta yi ta tauna, ɗacin ya kwantar mata da zuciya. Wata safiya na dubi iccen nan na ga rassansa miƙaƙƙu, daidai asuwaki. Na karyi ɗaya. Wani ruwa mai yauƙi ya fito, na goge a zane na sa a baki. Ɗaci kamar me! Da wata ce da ta tofar. Ni kuwa ɗacin nake nema. Kwana uku ina yi. Amai ya ƙaru, na ce laulayi ne, na ƙara tauna. A safiyar nan kaɗai sai da na cinye kan reshe biyu, ina haɗiye ruwan.

Da rarrafe na kai ƙofa na buga wa maƙwabciyarmu. Hajiya 'yar kasuwa ce daga Kano, sa'ar mahaifiyata, takan sauka a ɗakin da ke kallon namu duk lokacin da ta zo saro kaya. Ta buɗe tana waya.

“Ke 'yar nan, lafiya? Ko kwaɗayin kunun tsamiyar ne ya sake tashi?”

Da ta ga fuskata sai ta saki wayar. Ta taɓa wuyana, ta yi salati. Ba ta tsaya neman takalmi ba, da silifas ɗin banɗaki ta raka ni cikin motar asibiti, tana ta ce wa direba, “Yalla, yalla, habibi, mai ciki ce!”

A asibiti suka manna mini wayoyi a ƙirji. Wata na'ura tana ƙara duk bugun zuciyata, ina jin yadda take yin shiru tsakani, kowa a ɗakin yana jira tare da ni. Likitar mace ce Balarabiya, Hajiya ke fassara mini, don Turancina na sakandare ya gudu gaba ɗaya. Me na ci? Wane magani na sha? An aiko mini da wani jiƙo daga gida? Na ce babu, ko shayi ban iya riƙewa.

Sai Hajiya ta dafe kai. “Tsaya. Wannan karan da kike yawo da shi a baki kamar akuya, a ina kika samo shi?”

“A baranda, Hajiya. Asuwaki ne kawai.”

Daidai nan maigida ya shigo da rigar aikinsa, gumi har ƙafa. Likita ta ce tana son ganin iccen. Ya buɗe wayarsa, ya nuno hoton da ya ɗauke ni ranar da ya kawo shi, ina dariya, na tallafe tukunyar a kan cikina. Likita ta kalla sau ɗaya ta ce, “Difla.” Nan na fara jin sunansa. Ta ce daga ganye har reshe har fure duk dafi ne, zuciya yake kamawa. Ta ce shi ne wanda ake jerawa a bakin tituna, yaran garin ma an hana su taɓa shi. Kowa ya sani, sai ni da maigida.

Maigida ya zauna a ƙasa, a kan tayil, gaban mutane. “Ni na saya mata,” yake ta faɗa. “Ni na ɗauko shi da hannuna.”

“Yaya, ni na tauna,” na ce. Ban sani ba ko ya ji.

Suka sa mini ƙarin ruwa da allurai. Ba kaina nake wa addu'a ba. Duk wanda ya shigo tambayata ɗaya ce, yaron fa? Sai su ce shwaiya shwaiya, wato a hankali, uwa tukuna. Bayan azahar aka yi hoton ciki, na ji bugunsa, sauri-sauri kamar ana kaɗa ƙaramin kalangu, alhali tawa zuciyar tana jan ƙafa. Na ce a raina, to, ka riƙe, ni ma zan riƙe. Washegari da hantsi mara ta fara murɗa mini. Na ga jini. Aka sake kawo na'urar hoton, amma wannan karon an juya allon ya ba ni baya, aka kuma ƙara mini allurar da ta sa ni barci.

Na farka ana kiran la'asar a wani masallaci kusa. Bango ya koma fari. Na'urar tana ƙara daidai, ba tsayawa. Maigida yana tsaye jikin taga, hannayensa duk sun yi ja, daga baya na ji cewa gida ya koma ya tumɓuke iccen da hannu ba safar komai. Likita ta shigo ta riƙe yatsuna, ta yi magana mai ɗan tsawo da Larabci. Na tsinci “khalas”, na tsinci “alhamdulillah”, sauran ban gane ba. Na juya wajen Hajiya.

Hajiyar da bakinta ba ya hutawa ta tsaya gyara mayafi, ta gyara, ta sake gyarawa.

“Ta ce dafin ya fita, 'yata. Ta ce ke kin tsira.”

Na jira ragowar maganar. Likita ta faɗi abu da yawa, Hajiya ta ba ni kaɗan. Na sake maimaita kalmar a raina, ke. Ba ta ce ku ba.

Na kai hannu kan marata. Maigida ya juya fuskarsa ga taga, kafaɗunsa suna rawa. Hajiya ta ɗora hannunta a kan nawa ta danne.