Takalmin Malam Isiyaku Maɗori

Ina tsakar gida a Mairuwa ina ɓarar masara da hantsi wayar ƙanena Sani ta shigo. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba, domin Sani ba mai jan gaisuwa ba ne, ran nan kuwa sai da ya tambayi lafiyar yarana ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Yaya Rabi, sai haƙuri. Baba lokaci ya yi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ci gaba da ɓarar masarar da ke hannuna har ta ƙare, don ban san abin da zan yi da hannuwan ba. Kafin mu sami mota mu isa garinmu Ketare an riga an kai shi makwancinsa. Abin da na fara gani a ƙofar zaure shi ne takalminsa, a jere inda ya saba cire shi, masu gaisuwa suna ta tsallake shi.

Mahaifinmu Malam Isiyaku maɗori ne ɗan maɗori. Duk wanda ya taɓa karyewa a ƙasar Kankara, ko ya yi jinyar karyayye, ya san zauren nan, kuma daga Faskari har Sabuwa ana ɗauko mutane a kawo masa. Baƙon da ya fara ganinsa yakan yi turus, saboda maɗorin da aka yi masa kwatance ɗingishi yake yi. Ƙafarsa ta dama a karkace take daga idon sawu, in yana tafiya gefen ciki ne ke fara taɓa ƙasa. Abokan wasansa sun sha yi masa tsiya a kan haka, su ce ya ɗora na kowa ya bar nasa. Shi dai murmushi yake yi, ya ce su zauna ya ba su labari in suna da lokaci.

Labarin kuwa gajere ne. Yana saurayi ya hau rumbu zai gyara jinka, ya zamo, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Idon sawu yana da ƙulli biyu, na waje da na ciki mai kallon ɗayar ƙafar, to na cikin ne ya ɓalle. Kakanmu, wanda a zamaninsa ba a yi maɗori kamarsa a yankin ba, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara, ya yi tofi, aka yi ta gashi. Kumburi ya saɓe, ciwo ya ragu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba har abada. Ban taɓa jin Baba ya ɗora wa mahaifinsa laifi ba. Abin da yake cewa shi ne, "Tsohona bai yi ganganci ba. Abin da hannu ka iya ji ya ji, sauran kuwa yana can ciki inda hannu bai kaiwa."

Ya girma da wannan tambaya a ransa, har ranar da ya raka wani majinyaci babban asibiti a birni, ya roƙi likita ya nuna masa hoton ƙashin. A nan ya ga abin da ya same shi shekaru da yawa baya. Ƙullin nan na ciki ƙarshen babban ƙashin ƙwauri ne, shi ke riƙe da ƙafa kamar yadda ƙota ke riƙe ruwan fartanya. In ya tsage bai motsa daga wurinsa ba, sai a sa siminti, mutum ya kama sanduna, ya hana ƙafar ƙasa har likita ya ce ta haɗe. In kuwa ya ɓalle ya goce, jijiya ce ke jan guntun ƙasa, wani lokaci ma nama ya shiga tsakani, to karan da aka ɗaure daga waje ba zai taɓa haɗa su ba. Sai an buɗe, an share, an mayar da shi mazauninsa, an kafe shi da kusa. Baba ya dawo gida ya kafa wa kansa doka, kuma bai karya ta ba har ya koma ga Allah.

Dokar ita ce, hannu da ƙwauri da haƙarƙari yana ɗora abin da ya san zai iya, amma idon sawu na ciki ba ya ɗora shi sai an yi hoto. Yakan sa babban yatsa a kan ƙashin ya danna a hankali. In mutum ya zabura daga kan ƙashin kansa, kuma ba ya iya taka ƙafar, shi ke nan. Zai tallafe ta da kara sako-sako don kada ta motsa a hanya, ya ce a ɗaga ta sama, kada a ja, kada a murza, kada a kusance ta da ruwan zafi. Yakan ce, "Likita na da ido cikin ƙashi, ni ba ni da shi. In na ce ina da shi na yi ƙarya, kuma ƙafar wani ce za ta biya."

Wannan doka ta jawo masa magana ba kaɗan ba, domin mutanenmu duk abin da ya sami idon sawu targaɗe suke kiransa. Da zarar mutum ya iya ɗan dogarawa sai a ce ai ba karaya ba ce, a dafa ruwa, a kawo man kaɗe, a sami ƙaƙƙarfa ya murje wurin. Ga kuma tsoron da ya zauna mana a rai, wai asibiti ba su san komai ba sai yanke ƙafa. Baba ba ya gardama da kowa. In ya ga bayani ya ƙi shiga, sai ya cire takalmin dama, ya naɗe wando, ya tashi ya taka daga wannan bango na zaure zuwa wancan, ya dawo ya zauna. Na ga ranar da wani dillalin hatsi daga Faskari ya zo da ɗansa yana ta faɗa, wai bai baro kasuwa don a tura shi wajen masu wuƙa ba. Baba ya yi tafiyarsa ta zaure, ya ce, "Alhaji, wadda ka gani wagga, hannun da ya fi nawa ne ya ɗora ta. In irinta kake so ma yaron, miƙo mani ƙafar." Alhajin ya ɗauki ɗansa suka wuce asibiti. Yaron nan yanzu shi ke dakon buhuna a shagon uban.

Ni ya koya wa sana'ar saboda mata, don akwai waɗanda ba za su miƙa wa namiji ƙafa ba ko za ta ruɓe. Na gado zafin kai daga wajen Inna, mahaifiyarmu, kuma Baba ya sha fama da ni a kan haka. In na fusata da masu gardama yakan ce, "Rabi, mai ciwo tsoro yake ji, ba taurin kai ba ne. Ki bar shi ya gama tsoronshi, amma kada ki ɗora." Bai kuma tsaya ga turawa kawai ba. Duk wanda ya tura, Musulmi ne ko Bamaguje, in ya ga bai san birni ba sai ya ɗauki sandarsa da butarsa ya shiga mota tare da su. Da hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce mata, "In na tura mutum hanyar da ni ba ni bi, ban yi mashi adalci ba." Ita ce dai mai dafa masa ruwa da asuba in damina ta zauna, ta gasa ƙafar kafin ya iya kaiwa masallaci. Ciwon bai taɓa barinsa ba, mu na cikin gida muka san haka.

Ranar addu'ar uku, an shafa fatiha ke nan mutane sun fara watsewa, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani manomi ne daga ƙasar Sabuwa, Malam Tanimu, ya goyo matarsa Saratu, ba su ji labarin rasuwar ba. Ta ɗauko damin dawa a ka, ƙafarta ta zame a kan kunya. Sun kwana biyu suna gashi a gida, abin sai gaba yake yi. Aka shigo da ita ɗakin da Inna ke takaba, na zauna na ɗora ƙafar a cinyata. Ta kumbura ta yi baƙi ta gefen ciki. Na sa babban yatsa a inda Baba ke sawa, matar ta ja numfashi ta damƙe mini hannu.

Na fito bakin zaure na tsaya daga ciki. Baba Audu, ƙanen mahaifinmu, yana zaune tare da mijin. Shi dama tun Baba na raye yake ganin ɗan'uwansa yana korar arzikin gida, yana miƙa wa asibiti gadon kakanni.

"Ya kika gani, ɗiyata?" in ji Baba Audu.

Na ce, "Baba, na ciki ne. Sai an yi hoto."

Ya ce, "Rabi, mai wagga doka ya tafi, Allah Ya jiƙanshi. Bayin Allah sun taso tun daga Sabuwa. In suka fita gidan nan ba ɗori, gobe duk ƙasar nan za a ce ɗori ya mutu a gidan Malam Isiyaku. Ga kara nan, ga hannunki. Ki rufa ma gidan ubanki asiri."

Malam Tanimu ma ya sa baki, murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, ki taimaka. Dawa na gona ba a kwashe ba, ga hanyar birni kin san yadda take. Kuma an ce in suka buɗe ƙafa ba ta komawa."

Na yunƙura zan yi abin da Baba ke yi, sai na tuna ba ni da abin nunawa. Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, wadda ke rufe bakin mutane kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. Tun da aka yi rasuwar ban yi kuka sosai ba sai a wannan lokaci, a tsaye, gaban baƙo. Na ji maraici ya sauko mini gaba ɗaya, kuma na ji tsoron kada ƙafar matar nan ta lalace a hannuna saboda kunyar ƙanen ubana.

Ina share hawaye idona ya faɗa kan takalmin Baba, yana nan inda yake, ba wanda ya ɗauke. Na duƙa na ɗauko duka biyun na kife su a kan tabarma gaban Malam Tanimu. Na hagu lafiyayye ne. Na dama kuwa ya cinye ta gefen ciki har ya kusa hujewa, ga facin da baduku ya yi masa a kan faci.

Na ce, "Malam, mai takalmin nan a gidan nan aka ɗora mashi irin karayar matarka, kuma ubanshi ne ya ɗora. Haka ya taka ƙasa tun yana saurayi har shekaranjiya. Ni ba ni ɗora ta. In kun yarda mu tafi birni, da ni za a je."

Ya ɗauki na daman yana jujjuya shi, ya sa yatsa a wurin da ya cinye. Baba Audu ya kawar da kai, domin shi ne ya riƙe wa Baba tsani ranar da ya faɗo daga rumbun, ya fi kowa sanin takalmin. Can sai Malam Tanimu ya ajiye shi a hankali kusa da ɗan'uwansa, ya ce, "Da wane lokaci motar farko ke tashi?"

Washegari da safe muka tafi, na zauna a baya ƙafar Saratu a kan cinyata. Hoto ya nuna ƙashin ya goce, aka yi mata aiki aka kafe shi da kusa biyu. Likitan ya ce gara da aka zo a lokacin. Tana gida yanzu da sandunanta, ba a ba ta izinin takawa ba tukuna, kuma na aika wa mijin cewa in na ji ta ɗauki ko tulu ne kafin likita ya yarda, da ni zai yi. Da aka zo rabon kayan Baba, Sani ya ɗauki rawani, Baba Audu ya ɗauki sanda, ni na ce a bar mini takalmin. Ba wanda ya yi jayayya da ni.

Na san za a yi magana. Za a ce ɗiyar maɗori ta zama 'yar aiken asibiti, wasu kuma za su wuce ƙofarmu su tafi inda za a ɗora musu ba tambaya. Su je, ba zan iya tare kowa ba. Amma duk wanda ya kawo mini idon sawu na ciki, a Ketare ne ko a Mairuwa, abin da Baba zai gaya masa shi zan gaya masa, kuma takalmin yana cikin jakata.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa duk ƙafar da ta miƙe ta dalilinsa ta zame masa shaida. Allah Ya ba Inna haƙuri, ita da har yanzu take farkawa da asuba ta ɗora ruwa kafin ta tuna. Ya haɗa kanmu mu da ya bari, Ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, Ya ba Saratu sauƙi. Baba ya yi ɗingishi tsawon rayuwarsa don kada wasu su yi. Ya Allah, ranar da za a tsallake siraɗi, Ka tashe shi a kan ƙafafu biyu daidai. Amin.