Kaset ɗin da Inna ta yi magana a kansa

Ni ce na kashe orkes ɗin yayana, wato ƙungiyar kiɗansu, kuma da yatsa ɗaya na yi. Shekaru da yawa na bari ana ɗora wa soja laifin, tunda a wancan zamani ko akuya ce ta ɓata a Gaya, a ɓoye su ake zagi.

Su biyar ne: yayana mai waƙa, masu gitar biyu, mai ganga, da wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, mai busa ƙaho, wanda ke rufe fuska da hula don kada iyayen yara su gane shi. Kiɗan baƙaƙen Amurka suke yi, fonk da sol, irin wanda ke shigowa daga Kwatano ta gadar Malanbil. Sun raɗa wa kansu wani suna na Turanci da ko su ba su iya faɗinsa daidai, don haka gari ya huta, yake ce musu masu ihu. Ni nake ɗinka musu wanduna masu faɗin ƙafa, kowane ɗaya ya isa a yi wa yara uku riga.

Ba za a ce ba su yi suna ba. Sun yi wasa a bukukuwa har garuruwan Bana da Jinju, kuma duk ranar da manya suka zo daga Yamai, kwamandan gari yakan sa a kira su, da sharaɗin a tsefe gashi a rage shi, a kuma yi waƙar dashen itace. Yayana ya yi ta. Ban taɓa ganin mutum yana kiran jama'a su shuka dalbejiya yana karkaɗa ƙugu kamar kunama ta harbe shi ba sai shi. Amma yana da wata waƙa mai sanyi, ta masunci da ya daɗe bai dawo gida ba, wadda in ya ɗauko ta har ni da na san warin safarsa sai jikina ya mutu.

Burinsu ɗaya ne, a ji su a gidan rediyon ƙasa. Wani ma'aikacin rediyo da ya zo da tawaga ya ce in suka ba shi kaset kafin ya koma ranar Lahadi, zai sa. Suka haye ƙasar Binin, suka yi kwana uku a Paraku wajen wani mai injin ɗaukar murya, suka dawo ranar Juma'a da waƙoƙi shida a kaset ɗaya tak, ko rubutu babu a jikinsa. Saboda tsoron abokai masu aro ba su mayarwa, yayana ya ɓoye shi inda babu mai taɓawa, cikin babbar langar Inna.

Abin da bai sani ba, don bai cika zama gida ba, a cikin langar nan muke ajiye wasiƙa. Inna ba ta karatu, babban wanmu kuma yana Abijan, don haka kaset yake aikowa da muryarsa. Mu saurara, mu kira maƙwabta su saurara, sannan Inna ta yi amsa a kan wannan kaset ɗin, a ba direba ya mayar. Ranar Asabar da hantsi ta ce in ɗauko manyeto, rediyonmu mai ɗaukar murya, mai mota zai tashi bayan azahar. Na sa hannu a langa na ɗauko wanda ke sama. Na so in saurara tukuna, ta ce pil, wato batir, ba a rafi ake ɗibarsa ba. Na danna jan maɓalli.

Inna in ta samu manyeto ba ta san gajiya ba. Ta cika fuska ɗaya, ta ce in juya.

Da yayana ya dawo ya buɗe langa, ya ga kaset mai tambarin shagon Abijan shi kaɗai, sai ya dube ni.

"Ina nawa? Wanda ba shi da rubutu?"

"Ya tahi tasha," na ce.

Ya fita ba takalmi, na bi shi. Kafin mu kai, sauran huɗun sun ji labari sun rufa mana baya. Muka tarar da motar ana ɗaure kaya. Direban ya zaro kaset daga aljihu, yayana ya ce a sa a rediyon mota, ko Allah ya sa wani abu ya tsira. Fasinjoji suka matso.

Muryar Inna ta cika tasha. Ta gaida Abijan gida gida. Ta ba da labarin shinkafar fadama, da ciwon gwiwarta, da wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu bai mutu ba. Direba ya yi ta turawa gaba, ko'ina ita ce. A fuska ta biyu ta iso kan yayana.

"Ƙanenka kuwa sai addu'a. Gashi kamar saƙar tsuntsu, wando kamar buhun gero. Shi da wasu marasa aikin yi suna ta ihu, har da mushen lakwal, wai shi a dole ba a gane shi ba."

Tasha ta kwashe da dariya. Malamin ya ja hularsa ƙasa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, don na san kwana ukun Paraku sun tafi, kuma ba su da halin komawa kafin gobe. Ba su sake ɗaukar wani kaset ba, kafin damina ma kowa ya kama gabansa.

Ban san sauran abin da ta faɗa ba, don lokacin da take yinsa na leƙa waje korar kaji. Sai muka ji ta rage murya.

"Amma akwai wata waƙa da yaka yi, ta mai kamun kihi. In ya hwara ta a bayan ɗaki, aje muciya nika yi har ya ƙare. Muryar ubanku ce sak. Kar ka hwaɗa mishi, kansa ya yi girma."

Dariya ta tsaya. Mahaifinmu masunci ne, ruwa ya ci shi ina ciki, yayana ko wayo bai yi ba, bai san muryarsa ba. Direba ya kai hannu zai cire kaset, fasinja suna jira. Yayana ya riƙe masa hannu.

"Dan Allah maida baya kaɗan," ya ce.