Baba Isufu, Mai Fasa Kwalabe

"Ba zan ba da su ba, Lawban."

Haka Baba Isufu ya faɗa, ni kuma na juya maganar zuwa Sinanci ban rage mata kaifi ba, don tafinta ce ni a wannan otal na Guangzhou. Mai otal ɗin, wanda kowa ke kira Lawban, so yake a riƙa ajiye masa kwalaben jar giyar Faransa da baƙi suka shanye, lafiyayyu da tambarinsu. Akwai masu sayensu su ɗura jabu, su toshe, su sayar da sunan ta gaske. Shi kuwa Baba Isufu, kwalbar da ta ƙare ba ta kwana a hannunsa. Tsumma yake naɗa mata ya sa guduma.

Na san abin da wasunku za su ce: me ya haɗa 'yar Musulmi da jinjina wa mai kula da giya? Ban taɓa sha ba, ba kuma zan sha ba. Amma ni na tsaya a wurin, ku ba ku tsaya ba.

Kirista ne daga yankin Maraɗi. A wani otal a Yamai ya fara, ya wuce gonakin inabi na Bordeaux a Faransa, sannan ya zo nan. Kowace safiya, tun bai sha shayi ba, zai sauka ɗakin ƙasa inda kwalabe ke kwance cikin duhu da sanyi. Ba ya iya zama. Ya duba ma'aunin zafi, ya shafa bango, ya hau, ya sake sauka. Ranar da guguwa ta sa aka ɗauke wuta, Abdulgani mai aika kayan 'yan kasuwa a unguwar Xiaobei ya gan shi yana tura baron ƙanƙara cikin ruwan sama.

"Baba, gawa ka ajiye ne kake gudun ta lalace?"

"Jarirai ne, Alhaji. Barci suke yi."

Na sha ganin yadda yake ɗanɗanawa. Zai zuba kaɗan, ya karkata kofin a kan farin ƙyalle ya duba launi, ja mai duhu da gefensa ya soma komawa jar ƙasa. Ya kaɗa, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar. Kullum sai ya matsar da kofin nesa da ni kafin ya yi magana.

"Saffana, 'yata, kin san baurin ɗanyen goro? Haka take tana sabuwa, sai ta ɗaure wa mutum harshe. A bar ta ta kwanta shekara da shekaru, baurin ya lafa, sai ƙamshi ya taso: busassun 'ya'yan itace, jemammiyar fata, ƙasa bayan ruwan fari. Wanda ya dasa inabin wataƙila ya rasu. Sai wani ya ɗura rini da sukari ya liƙa masa?"

Lawban ya ce ai kwalbar da ta ƙare shara ce. Baba ya ce sai an fasa ta take zama shara. Daga nan Lawban ya tuna masa cewa takardar zamansa a ƙasar nan da aikin take ɗaure.

Makonnin da suka biyo baya ban samu sukuni ba. Ina ofis ina jin ƙarar guduma. Rannan na kasa daurewa.

"Baba, ko sau ɗaya ka kau da kai mana."

"Ke da ake kuka da taurin kanki, ke za ki koya min lanƙwasa?"

Baba Isufu, kai ne ka tsare amanar manomin da ba zai taɓa jin sunanka ba, da baƙon da bai san an so cutarsa ba. Kai ne ba ka taɓa raina addinina ba, ba ka kuma yarda an raina aikinka ba. Dattijo, ƙi-gudu. Na gode.

Mu da muke cika kwantena muna aikawa gida, muna kukan jabu ya cinye kasuwa, wa a cikinmu ya taɓa cewa a'a alhali zamansa a ƙasar nan na cikin haɗari? Ga wanda ya ce. Mu yi koyi.

An sallame shi. Takardar zamansa ta mutu tare da aikin. Zai koma Maraɗi da furfurarsa, inda ba mai neman sana'arsa. Kwalaben da ya yi reno, wani ne zai buɗe su, kuma waɗanda suka ƙare yanzu ta ƙofar baya suke fita, lafiyayyu.