Abdulbaƙi Mai Jirgi da Masu Ɗaukar Hoto a Zaman Makoki

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Abdulbaƙi Hussaini, makanike, wanda mutanen Magama da Jibiya suka fi sani da Mai Jirgi. Ya rasu a gidansa yana da shekara hamsin da huɗu, bayan jinyar hawan jini da ta shanye masa ɓarin jiki. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Ya bar matarsa Safara'u da 'ya'ya biyar.

Ni Kalilu kafinta, shekara ashirin da shida rumfata tana jingine da tasa a bakin titin da ya miƙe zuwa boda. An ce mini ta'aziyya ba wurin huce haushi ba ce, na kuwa yarda. Amma Abdulbaƙi, in na rubuta alherinka na ɓoye abin da aka yi maka, ni ma na shiga sahun waɗanda suka cuce ka.

Da gyaran injin ban-ruwa ka ci abinci. Ban manta wani manomi daga Riko da ya zo a birkice ba, albasarsa na bushewa, ya ƙudurta sayar da san huɗarsa ya sayi babban inji, wai nasa ya yi ƙanƙanta. Ka rufe rumfa ka hau bayan babur ɗinsa cikin rana. Da ka duba sai ka ga tiyo ne ya fi ƙarfin injin, ka canza masa wanda ya dace, ruwa ya kwarara. Har yau da wannan sa yake huɗa. Haka kake, ba ka taɓa ce wa mutum ya sayi babba ba alhali daidai yake bukata.

Shekara goma sha biyu ke nan da ka shigo rumfata da zane a bayan takardar siminti. Ka ce, "Kalilu, farfela nike so ka sassaƙa mani." Na ce ta fanka? Ka ce ta jirgin sama. Na yi dariya har na ƙware, kai kuwa ka tsaya kana jira na gama. Jirgi kake nufi ɗan ƙarami, mai tsawon kamu uku, wanda mutum zai tsaya a ƙasa yana sarrafa shi da rimot.

Injin farko Bubakar direba ne ya kawo maka daga garinsu Maraɗi, na yankan ciyawa, a naɗe cikin buhu a bayan kujerar babbar motarsa ta kaya. Ka kwana biyu kana goge duk ƙarfen da ba shi da amfani a jikinsa don ya rage nauyi. Ni kuma na sassaƙa farfela ta maɗaci, doguwa, kyakkyawa, ina alfahari da ita. Da muka ɗaura, injin ya yi ta nishi, ya ɗau zafi har yawu na ƙauri a kansa. Ka ce ta yi masa yawa. Na yanke ta, na yi gajera. Sai injin ya riƙa ihu kamar zai tsage, jirgi ko motsi. Ka dube ni ka ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

A wurinka na koyi cewa farfela abu biyu ce, tsawonta da murɗarta. Da Bubakar ya kasa ganewa sai ka yi masa misali da motarsa: mai ƙaramar murɗa kamar giya ta ɗaya ce, tana ɗaga kaya amma ba ta gudu, mai babbar murɗa giyar sama ce, tana gudu amma ba a tashi da ita. Ba ka yarda da ƙiyasi ba. Sikelin rataye na mahauta ka samo, ka ɗaure shi a wutsiyar jirgi, ka ɗaure ɗaya gefen a turke, ka ba inji wuta ka karanta ƙarfin jan da yake yi. Kowace farfela na gama sai ka zura mata ƙusa ka ɗora a kan reza biyu, in ɓari ɗaya ya rinjaya ka maido mini da ita. Wata rana sau bakwai ka maido da guda ɗaya. Na yi fushi, ka sayo mini goro.

Jirage uku suka farfashe a gonakin bayan gari kafin na huɗu ya tashi. Ranar da ya tashi, bayan an cire amfanin gona, 'yan dako suka sauke kayansu, direbobin da ke jiran layin ƙetarawa suka hau saman motoci suna kallo. Ya yi kewaye biyu ya sauka lafiya. Ba ka yi tsalle ba, ka durƙusa ka taɓa kan injin da bayan hannu, ka ce, "Bai yi zafi ba. Sun dace." Daga baya ka koma yin ƙanana da farin soson da ake naɗo firiji a ciki, kana sa musu injin lantarki mai batir. Ka ce jiki mara nauyi lantarki ya fi masa, babba kuwa sai fetur. In bazara ta yi, kakan ce iskar zafi ba ta da kauri, sai ka canza farfela ka fita da sanyin safiya.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara waccan Alhaji Shafi'u, wani ɗan kasuwa da ya fara shinshinar siyasa, ya shirya taron rabon kayan tallafi. Ya zo rumfarka da kansa, yana so babban jirginka ya tashi a kan jama'a yana jan ƙyalle mai hotonsa. Ka ce ba a tashin jirgi a kan mutane, kuma injin ba zai ja ƙyalle ba. Ya ce a sa wanda ya ninka shi girma, zai saya. Ka ce, "Alhaji, jikin wanga jirgi don wanga inji aka yi shi. In an sa babba, hanci zai rinjaya, girgiza ta kwance shi." Sai ya sassauto, ya ce to a ba shi aron gangar jikin kawai, a rataye a rumfar taro don ado. Kunya ta hana ka musa masa. Ka kwance injinka da farfelarka da na'urar rimot, ka ba shi fanko.

Ashe ya miƙa wa Imrana, ɗan ƙanwarsa mai gyaran janareto, ya ce a tayar da shi ko ta halin ƙaƙa. Imrana ya ɗaura injin zarto mai yankan itace, ya sayo farfelar roba mai fiffike uku daga Kano don ta fi kyau a hoto. Farfelar injin lantarki ce, siririya, ba a yi ta don bugun injin fetur ba. Ranar taro jirgin ya tashi da ƙyar, ko tsayin bishiya bai kai ba fiffike ɗaya na farfelar ya tsinke, jirgin ya karkace ya faɗo cikin mata. Ya sami wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sayar da zogale, Tsahara, ya tsarge mata hannun dama tun daga gwiwa har wuyan hannu.

Ina wurin. Da idona na ga Alhaji Shafi'u ya shige mota, gilashi ya rufe. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa jirgin Abdulbaƙi ya kusa kashe mace. Kafin wayewar gari an ƙara mata gishiri, wai dama kana ƙera wa 'yan bindigar daji jiragen leƙen asiri. A wannan yankin namu da kowa ke da gawa a hannun mutanen daji, wanda ya ƙaga wannan magana ya san wuƙar da ya zaro. Jami'an tsaro suka zo suka tafi da kai, suka kwashe injuna da rimot da farfela goma sha tara da na sassaƙa da hannuna. Kwana tara ka yi a tsare kafin a ce ba a same ka da laifi ba. Kayan dai har yau ba su dawo ba.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya ba Alhaji ba ne. Mutanen gari ne. Waɗanda suka hau saman motoci suna tafa maka, su ne suka riƙa canza hanya in sun hango ka. Wanda ka gyara wa inji ya sha ruwa ya ƙoshi, shi ne ke cewa a majalisa dama shi tun farko bai yarda da kai ba. Na je wurin mutum shida da suka ga lokacin da ka kwance injinka ka ba da fanko, na ce su zo su faɗi abin da suka gani. Kowa ya ce yana da iyali. Sai ni da Bubakar, baƙo daga wata ƙasa, muka tsaya. Tir da irin wannan zama.

Kai kuwa ranar da aka sake ka, ko gida ba ka shiga ba sai da ka nemi inda Tsahara take jinya. Na ce mi za ka yi can, kai ka yanke ta? Ka ce, "Jirgin da ya faɗo mata ni na yi shi." Wata uku Safara'u na dafa abinci kana kai mata. Hannun bai koma daidai ba, amma ranar jana'izarka ta ƙetaro daga Maraɗi, ta zauna cikin mata tana kuka kamar ta rasa ɗan'uwa.

Bayan haka ba ka sake tayar da jirgi ba. Ka fara wani ɗan ƙarami, ka sa na sassaƙa masa farfela biyu, amma kullum yana rataye a ɗakinka. Ba zan ce wani ne ya kashe ka ba, ajali na Allah ne. Na dai san mutumin da aka tafi da shi, na kuma san wanda aka maido mana.

Ranar sadakar uku sai ga motoci. Alhaji Shafi'u ya fito da farar babbar riga, biye da shi masu ɗaukar hoto biyu. Ya tsaya a gaban tabarmin makoki yana cewa yankin nan ya yi rashin haziƙi, wai shi ne ya fara gano baiwarka. Waɗanda suka yi shiru jiya suna ta gyaɗa kai. Wani ma ya matsa kusa don ya fito a hoton. Alhaji bai tsaya nan ba, ya aika cikin gida a ce wa Safara'u ta ba da jirgin da ka bari, zai ajiye a ofishinsa don tunawa da kai.

Ɗiyarka Mufida ce ta kawo amsa daga bakin zaure, ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Inna ta ce a gaishe ka, Alhaji. Ta ce an taɓa ba ka aron jirgi daga gidan nan, ga wadda ta karɓe shi nan ciki zaune, in kana so ka shigo ka ga hannunta." Masu hoto suka sauke na'urorinsu. Alhaji ya duba agogo, ya ce yana da wani taro. Ko fatiha bai tsaya an shafa ba.

Abdulbaƙi, na faɗi abin da na gani, sauran na bar wa Wanda ba a ɓoye masa komai. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha da ƙazafin da ka haɗiye su zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi kamar yadda ka sanyaya gonakin mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Safara'u, da Mufida da ƙannenta, da Bubakar, da Tsahara, da duk wanda ya san ka bai juya maka baya ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu, Ya ba mu bakin faɗin gaskiya tun mai ita yana da kunnen ji. Amin.